Kiran Hutun Rabin Lokaci

Duk wanda ya ce maka ɗan Adam ba ya kishin zagi, to bai san Koci ba.

Ciyaman, wato mai ƙungiyar, yana da wata ɗabi'a da kowa ya sani, tun daga mai gadin ƙofa har mai wankin riguna. Da alƙalin wasa ya busa hutun rabin lokaci, yana can sama a ɗakinsa mai gilashi, sai ya ɗaga waya ya kira Koci ya wanke shi tas. Ko an ci ko ba a ci ba, kiran nan ba ya fashi. A bana kuwa ba a cika ci ba. Ƙungiyar ta manne a gindin teburin gasa, kowa ya zo ya taka ya wuce, 'yan kallo sun koma jifa da gorunan ruwa, kuma kowa ya san idan aka faɗa rukunin ƙasa, kujerar Koci ce za ta fara tafiya.

Koci yakan amsa kiran a lungun da ke tsakanin ɗakin canjin kaya da banɗaki, kusa da famfon nan mai ɗiga. Ba ka jin komai daga bakinsa sai "To, ranka ya daɗe. Haka ne, ranka ya daɗe." Daga nan ya share gumi, ya gyara hular wasanni, ya shigo ya ce wa 'yan wasa, "Mun tattauna da Ciyaman." Tattaunawa! A gida yakan yi ta mita, wai mutumin nan sai ya kashe shi. Har ya fara ganin jiri, ya ɓoye ƙwayoyin hawan jini a aljihun mota don kada matarsa ta gani, alhali ta daɗe da gani. Amma can ƙasan ransa abin yana masa daɗi. Filin wasa cike da mutane, wayar mutum ɗaya ce ke ƙara, kuma tasa ce.

Sai wata Asabar wayar ta ƙi ƙara.

An sha su ɗaya kafin hutu. Koci ya je lungunsa ya tsaya, waya a hannu. Shiru. Ya duba caji, ya duba sabis, ya kashe ya kunna. Yana cikin haka sai ya ji ƙara daga cikin ɗaki, ya ga Makulli, mataimakinsa, ya fito da sauri, ya raɓa ta gefensa ya tsaya a ɗaya gefen famfon.

"To, ranka ya daɗe," in ji Makulli. "Haka ne, ranka ya daɗe."

Kai! Har da kalmomin nasa.

Shi Makulli ba baƙo ba ne, ƙanin matar Koci ne, autan gidansu. Koci ne ya ɗauko shi yana tsaron raga a filin unguwa da safar hannu mai huji, ya mai da shi gola, da gwiwarsa ta lalace ya jawo shi benci ya ba shi usur da allon tsara wasa. A fili Makulli "Koci" yake ce masa, a gida "Yaya".

"Me ya ce?" Koci ya tambaya, yana ƙoƙarin nuna abin bai dame shi ba.

"Ya ce a ƙara ƙoƙari."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Koci."

Mutumin da ba ya ajiye waya sai muryarsa ta dishe, wai a ƙara ƙoƙari kawai ya ce! Koci bai yarda ba.

Sati na gaba haka, na gabansa ma haka. Koci ya daina zuwa lungu, sai dai ya tsaya gaban allo yana zana kibiyoyi, bakinsa na magana da 'yan baya, kunnensa na can wajen famfo. Makulli ya dawo idanu jajur, ya ce, "Ya ce a ƙara ƙoƙari." Koci ya ce a ransa, jan idon nan na daɗin alkawarin ba shi kujerata ne. Da an tashi wasa kuma sai ya hango Makulli yana hawa matakalar ɗakin gilashi, inda shi kansa ba ya hawa sai an aiko. Komai na yaron ya koma ɓata masa rai. Ya yi sabon aski, Koci ya ce shirin hoton jarida ne. Ɗan wasa ya yi dariya da shi a wajen atisaye, Koci ya sa ɗan wasan zagayen fili. Makulli ya ba da shawara a sauya mai tsaron baya na hagu, shawarar da Koci ya kwana da ita a ransa, amma tunda daga bakin yaron ta fito sai ya ƙi, aka ci gaba da shiga ta nan kamar ƙofar kasuwa.

A gida ya kasa riƙewa. Matarsa na guga a falo, ya tsaya a kanta.

"Autanku ya girma," ya ce. "Yanzu shi ake kira."

"To ba ka huta ba? Kai da kake cewa kiran nan zai kashe ka?"

"Ni na ce a raba ni da shi?"

Ta ajiye dutsen gugar ta dube shi. "Baban yara, zagi ne fa. Zagin ma kishinsa kake?"

"Wa ya gaya miki zaginsa ake? Ni ake zagi. Shi hira ake da shi."

Ta buɗe baki kamar za ta faɗi wani abu, sai ta fasa, ta juya wuyan rigar ta ci gaba da guga. Koci ya ɗauki shirun nan ya ɗora a kan sauran. Ashe har da ita a ciki. Jini ai ba wasa ba.

Akwai wata 'yar rediyo mai shirin wasanni na safe, ana ce mata Allura saboda tambayarta. Ta daɗe tana farautar Ciyaman, tana so ta tabbatar yana tsoma hannu a zaɓen 'yan wasa, amma ba wanda ya yarda ya buɗe mata baki. Ranar Talata bayan atisaye ta tare Koci a wajen ajiye motoci, kamar yadda ta saba. Kullum yakan ɗaga gilashi ya wuce. Ran nan ya sauke.

"Koci, na lura yanzu ba kai ke amsa waya ba."

"Idonki da kyau."

"Me suke cewa?"

"Ina zan sani? Ni ai hoto ne. Ki tambayi wanda ake aiko wa sunayen 'yan wasa daga sama." Ya kunna mota, ya ƙara da cewa, "Ban faɗa miki komai ba."

"Ai ba mu ma haɗu ba," in ji Allura.

Ya san ƙarya ce. Babu sunan da aka taɓa aikowa, shi ke zaɓen mutanensa da hannunsa, har da kurakuransa. Amma yana fita daga ƙofar filin ya ji iska na shiga ƙirjinsa sosai, abin da ya kwana biyu bai ji ba.

Washegari da safe gari ya ɗauka. Wata majiya daga cikin gida, in ji Allura, ta tabbatar mai ƙungiyar ne ke jan akalar benci ta wayar mataimakin koci. Masu kira suka yi ta kira, wani ya ce Ciyaman ya sauko ya sa gajeren wando ya buga da kansa. Shi kuwa Ciyaman ba abin da ya tsana irin a yi masa dariya. Kafin azahar ofis ya fitar da sanarwa: shugaba ba ya tsoma baki a aikin koci, kuma an sallami mataimaki saboda fitar da sirrin ƙungiya.

Makulli ya zo ya kwashe takalmansa da tsohuwar safar hannunsa daga akwatin ajiyarsa. Ya cire usur daga wuya ya miƙa.

"Yaya, ga wannan." Koci ya karɓa. "Ranar Asabar, in ya kira, ka fita da wayar waje. Duk abin da ya faɗa ka ce to, ka bar shi sai an tashi."

"Ni za ka koya wa amsa wayar Ciyaman? Kana ina na fara?"

"Allah ya ba ka haƙuri, Yaya."

Matarsa ba ta yi faɗa ba. Abinci na zuwa a kan lokaci, riguna a goge, amma daga sannu sai sannu. Koci ya ce a ransa, za ta gaji ta sauko.

Asabar ta zo da wasan da ba a isa a rasa ba. Aka tafi hutu ba ci, kuma wallahi sun taka leda, har sun daki turken raga. 'Yan wasa suka zube a benci suna haki, mai tausa na fama da cinyar kyaftin. Allura na tsaye a bakin ƙofa da abin ɗaukar magana a hannu, don tun ranar Talata Koci ya ce wa mai gadi ya daina hana ta. Shi kuwa ya ajiye wayarsa a kan tebur, fuskarta sama, yana zana kibiyoyi yana satar kallonta.

Ta yi ƙara.

Daɗin da ya ji, ko ranar da aka ba shi aikin bai ji irinsa ba. Ya bar ta ta ɗan yi kuka don kowa ya ga sunan. Da ma lungun ya nufa kamar da! Ina, so yake ɗakin nan kaf ya shaida kira ya dawo gidansa. Ya ɗaga hannu a yi shiru, ya danna lasifika, ya ajiye ta a tsakiyar tebur.

"Ranka ya daɗe, ga ni tare da yara."

"Yara? Kai ne babban yaron!" Muryar Ciyaman ta cika ɗakin. "Wannan hagun naku, ƙofa ce ko hanya? Na kore ka! Ka ji ko? Na kore ka!"

Mai tausa ya tsaya cak. Koci ya miƙa hannu zai kashe lasifikar, ya kasa samun wurin.

"Kullum sai na kore ka, kullum sai wancan yaron ya ce, to ranka ya daɗe, bari a tashi in faɗa masa. A tashi kuma ya hauro ya tsugunna min, ya yi ta magiya har in huce. Shi ya roƙe ni in daina kiranka, wai jininka ya hau, wai yayarsa na kuka. Ni na taɓa ganin irin wannan? Zagin da ya sha dominka, da kai ne da tuni an kwantar da kai!"

Ba wanda ya motsa. Ana jin famfon lungu yana ɗiga.

"Ranka ya daɗe," in ji Koci, "a lasifika kake."

Da su biyu ne, da maganar ta bi iska kamar sauran. Amma ga kyaftin, ga mai tausa, ga 'yan benci, ga Allura da jar fitilar abin ɗaukar maganarta a kunne. Kuma Ciyaman, da a ce ya janye magana a gaban mutane, gara ƙungiyar ta rushe.

"To madalla," ya ce a hankali. "Kowa ya ji ke nan. Ka ajiye musu usur." Ya ja numfashi, aka ji yana tsaki. "Kai, ba Makulli wayar. Shi ya iya saurare."

Ciyaman ya manta ma ya kori Makulli.

Koci ya waiga gefen damansa, inda yaron ke tsayawa da allo a ƙirji. Babu komai sai ƙusar da ake rataye usur. Abin kunya, ko a lokacin, kafin nadama ta iso, kishin ne ya fara zuwa: an kore shi, an tozarta shi gaban yaransa, kuma duk da haka ba shi ake nema a wayar ba.

"Ba ya nan, ranka ya daɗe," ya ce.

Aka busa usur na komawa fili. 'Yan wasa suka tashi ɗaya bayan ɗaya, suka wuce ta gefensa kansu a ƙasa. Kyaftin ne kaɗai ya tsaya a bakin ƙofa.

"Koci, hagun fa? A sauya?"

"A sauya," in ji Koci. "Tuntuni ya ce a sauya."