Murhun Tarcisio

Hannun Nives ya nutse har gwiwa a cikin rumbun murhun, tana kwaso ƙwayoyin katakon da murhun ke ci tana zubawa a tukunyar polenta, tuwon masararsu. Maƙwabcinta Tarcisio yana kwance a gadon da aka jawo masa kicin, yana gaya mata ba haka ake yi ba.

"Kin cire wayar lantarkin daga bango?"

"Na cire."

"Sake dubawa dai. Ban shirya tafiya lahira tare da ke ba."

Shekara talatin da ɗaya bango guda ne tsakanin gidajensu a wannan ƙauye na tsaunukan Carnia, kuma kusan rabin shekarun ba sa ga-maciji, saboda duk lokacin sanyi sai ya ture dusar ƙanƙarar ƙofarsa zuwa tata. Amma da safen nan ta ji ana dukan bangon da sanda, ana yi ana hutawa. Ta shigo ta same shi cikin bargo uku, leɓensa ya yi shuɗi, murhun ɗumama ɗakin ya mutu tun asuba.

Ma'aikaciyar jinya, Dorina, ta riga ta zo ta tafi. Ta ga ma'aunin zafin ɗakin a kan digiri tara, ta ce ba za ta bar mai ciwon huhu a irin wannan sanyi ba. Za ta dawo ƙarfe huɗu. In ɗakin bai ɗumama ba, za ta kira motar asibiti, ta kuma kira 'yarsa Loredana a birnin Udine. Mai gyaran murhu ya ce ba zai iya hawowa ba sai Alhamis. Tarcisio ba ya tsoron likita. Kukan Loredana ne ya san ba zai iya tsayawa gabansa ba, ya kuma san in aka sauka da shi kwarin nan ba zai sake hawowa ba.

Shekara arba'in ya yi yana gyaran injina a kamfanin yankan katako, inda ƙurar ta cinye masa huhu. Yanzu ko sukudireba ba ya iya riƙewa, don haka ya ari hannun Nives. Da farko ya sa ta ciro kaskon wutar ta kankare tokar da ta daskare, ta tsokane ramukan ɗaya bayan ɗaya da allurar saƙa. Suka kunna. Fanka ta tashi, filogin kunna wutar ya yi ja, amma wuta ba ta kama ba. Nives ta ce a haƙura, ta kawo masa hitarta ta lantarki. Ya ce layin lantarkin gidansa ba ya ɗauka, tare da injin iskar da yake shaƙa sai komai ya ɗauke. Ya ce ta yi shiru ta sake kunnawa. Ya rufe ido, ya karkatar da kunne.

"Kin ji? Injin yana gurnani, amma ba abin da ke faɗowa. Cushewa ya yi."

Shi ya sa take kwashe rumbun. Da ta kai ƙasa, inda murɗaɗɗen ƙarfen yake turo ƙwayoyin zuwa wuta, sai ta taɓa abu mai laushi. Ƙwayoyin sun sha laima, sun kumbura, sun dunƙule kamar kwantan tuwo. Ta tambaye shi ina yake ajiye buhunan. Ya ce a ɗakin ƙasa, inda ruwa ya shiga a watan Nuwamba.

"Kai da kake kiran kowa jaki," in ji ta, "ka zuba wa murhu jiƙaƙƙen abinci."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari mai tsawo. Ta tsaya da hannu ɗaya a rumbu tana jira ya lafa, ba ta juyo ba, don ta san ba ya son a kalle shi a haka.

Ta yi ta ƙwaƙula da cokali da waya har gefen ƙarfen ya yanke ta a tafin hannu. Ta ɗaure da tsumma ta ci gaba. Sannan ta koma gidanta ta jawo busasshen buhu a kan ƙanƙara, tana hutawa a kowace matattakala, da shekarunta saba'in da ɗaya. Huɗu saura kwata ƙwayoyin suka fara faɗowa cikin kaskon, hayaƙi ya cika gilashin, sai wuta ta tashi.

Dorina ta iso a kan lokaci. Ma'auni ya nuna sha uku. Ta girgiza kai ta ciro waya. Nives ta tashi ta tsaya a bakin ƙofa, ta jingina da ita.

"Ajiye wayar nan, 'yata. Cewa kika yi in bai ɗumama ba, kuma ga shi yana ɗumama. Zauna ki sha kofi."

Dorina ta ce ba sanyi kaɗai ba ne. Wa zai zauna da shi? Nives ta ce ita. Tarcisio ya ce gara motar asibitin. Ba wadda ta kula shi. Dorina ta sha kofi biyu, idonta a kan ma'aunin, da ya kai sha takwas ta mayar da wayar aljihu.

Kwana biyar ya ƙara yi a duniya. Kowace safiya sai Nives ta kashe murhun ta share toka, shi kuma ya ce ta bar saura a lungu. Loredana ta zo ran Asabar, ta yi kukan da yake tsoro, ta roƙe shi ya bi ta. Ya riƙe hannunta ya ce ta kalli ɗakin nan, me ya rasa? Ta duba, ta cire kwat ɗinta ta rataye.

Ran Lahadi da hantsi, ana kaɗa ƙararrawar coci, ya ce a buɗe masa labulen ya ga dutsen. Loredana ta buɗe. Nives tana yanka burodi a kan tebur lokacin da ta lura tarin da ta saba ji bai zo ba. Ta ajiye wuƙar, ta goge hannunta, ta je ta rufe masa ido, don 'yar ta kasa.

Da yamma ta fita ta tsaya a titi ta sha iska. Dukan rufin unguwar fari ne fat. A kan na Tarcisio kaɗai, kewaye da bututun hayaƙi, ƙanƙarar ta narke, jan rufin ya bayyana, ruwa yana ɗiga a hankali daga indararo.