Saurayin Auta a Kan Tudu

Baba ne ya ce Yaya ta raka Auta wurin shaƙatawar nan na bayan gari, ta ƙare wa saurayin kallo kafin a ba shi amsa. Ita dai Yaya tun daga bakin ƙofa wurin bai burge ta ba. Tudu ne kawai da bishiyoyi, an kewaye da waya, an dasa kujerun siminti, ga mutanen birni suna ta haki suna ɗaukar hoton ciyawa kamar yau suka fara ganinta.

Saurayin kuwa ya sha shiri: ƙaton takalmi, sanduna biyu, gorar ruwa a ƙugu, da agogon da ke ƙirga masa taku. Ya gaishe ta idonsa na kan agogon.

"Yaya, yau sai ƙoli. Ni fa ba na tsayawa a hanya."

Bai yi ƙarya ba. Ba su yi nisa ba Auta ta gurɗe ƙafa a tsakuwa, ta zauna tana cije leɓe. Gogan naka tuni ya sha kwana, sai ƙarar sandunansa ake ji.

"Ki bi shi, Yaya," in ji Auta. "Yana waiwayowa ya ga ba ni, zai dawo."

Yaya ta bi shi tana tsaki. Ko sau ɗaya bai waiwayo ba. A ƙoli akwai ƙararrawar da aka rataye a jikin ƙarfe, wadda masoya kan kama igiyarta tare su kaɗa idan sun iso. Ya miƙa wa Yaya wayarsa ta ɗauke shi hoto, ya matse tumbi, ya kaɗa abarsa shi kaɗai. Hoton bai yi masa ba, ya sake kaɗawa.

Takaici ya ishi Yaya. Ta sauko ta iske ƙanwarta ta cire takalmi, ƙafar ta kumbura suntum.

"Na ji ƙarar," Auta ta ce, kanta a sunkuye. "Ya tambaye ni?"

Tausayi ya kama Yaya, ta so ta rufa masa asiri, amma bakinta ya ƙi.

"Ya tambaya ko birnin ya fito a bayansa a hoton."

Auta ta miƙo hannu.

"Kama ni mu sauka. Ni zan gaya wa Baba da bakina."