Ƙarar Makulli

"To, ina ka kai makullin?"

"Na ce miki ya lalace," in ji kafinta, idonsa a kan katakon da yake gogewa.

Matarsa ta tsallake tarin dusar katako ta shigo cikin shagon. "Makullin da na murɗa jiya da hannuna? Kai mai sa wa mutane makulli, ka cire na ɗakin barcinmu ka bar rami a ƙofa, ga ƙanwarka tana kaiwa da komowa a falo?"

Ya ajiye katakon. Ya cusa hannuwansa a aljihu.

Tun da suka yi aure haka abin yake. Yana sonta kamar ransa, ko tari ta yi sai ya miƙe. Amma da ta rufe ƙofa ta murɗa makulli, sai gumi ya keto masa, jikinsa ya mutu, ya juya wa bango fuska. Likita ya auna jini ya ce lafiyarsa ƙalau. Magungunan da abokai suka kawo masa sun cika durowa, a banza.

"Yayata ta ce in je wurinta in huta," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Na haɗa jakata. In ni ce ban yi maka ba, faɗa mini, ba mutuwa zan yi ba. Ko warin baki gare ni?" Ta so ta yi dariya, dariyar ta maƙale.

"Ba ke ba ce, Amarya. Ƙarar ce."

"Wace ƙara?"

"Ta makulli. Ina ƙarami Baba ya ɗauko abokinsa ya riƙa koya mini lissafi. In ya zo sai ya kulle ɗaki, wai kada a dame mu." Ya sunkuyar da kai. "Ya lalata ni. Ba sau ɗaya ba. Har yau Baba yana sa masa albarka."

Ya kasa kallon fuskarta. Ƙafafunta ya tsura wa ido, yana jiran su juya waje. Ba su juya ba. Ta jawo wata kujera da ba a gama haɗawa ba, ta zauna a hankali, hawaye yana bin kumatunta.

"Ka faɗa wa likitan?"

"In ce masa me? Ƙato da gemu?"

"Ai ba da gemun ya same ka ba, masoyina."

Ya daɗe yana numfashi kamar wanda ya sha gudu. Sannan ya kakkaɓe rigarsa.

"Tashi mu koma wurin likitan yanzu, kafin in fasa. Ki zauna kusa da ni. Ni zan yi maganar."