Faya-fayen Marigayi David

Simon maƙaryaci ne, kuma matsoraci. Da ya ɓata kayan mutane ya fito ya ce na ɓata, da maganar ta mutu a ranar. Sai ya zaɓi ya ɗora wa Enoch, mutumin da ya amince da shi.

Enoch ma'aikaci ne a Sheda, shi ke kula da janareto a wata ma'aikata. Da ya cika shekara hamsin da biyar ya ɗaukar wa kansa wani aiki da ba wanda ya sa shi: zai saurari faifai ɗaya daga kowace shekara, tun daga 1965 har 1995. Kowace Asabar da la'asar yakan fito da garmahonsa baranda, ya goge allura, ya ɗora faifai. Dokarsa ita ce a ji gefe biyu duka, ba tsallake waƙa, ba surutu sai an gama. Bayan nan ya rubuta abin da ya ji a littafi: inda jita ta danne murya, inda mai ganga ya yi gaggawa. Mutum huɗu ko biyar ke zuwa. Simon, mai sayar da tayil a Dei-Dei, yana cikinsu, ko da yake shi hirar bayan kiɗan ta fi kawo shi.

Faya-fayen Enoch sun ƙare a 1976. Sauran shekarun suna Karshi, a hannun Mama Rosemary, cikin akwatin mijinta marigayi David. Sai da Enoch ya je sau uku kafin ta buɗe akwatin.

"Shida zan ba ka," in ji ta. "Ka dawo da su yadda ka karɓa, in ba ka wasu shida. In ko ɗaya ya karce, kada ka sake taka ƙofata."

Da Enoch ya gama sauraron shidan farko, wata Litinin da safe Simon ya kawo tayil wani gini a Sheda, ya biyo ta gidansa.

"Oga Enoch, kawo in kai wa tsohuwa. Ai unguwarmu ɗaya. Me zai sa ka sha motar haya har Karshi?"

"To kada ka bar su a mota. Rana tana narka su."

"Haba oga, ni yaro ne?"

Ranar Laraba Mama Rosemary ta kira Enoch. Ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ta ce ya zo ya ga abin da ya aiko mata.

Ya same ta a falo, faya-fayen a jere kan tebur. Huɗu sun lanƙwashe kamar murfin tukunyar da mota ta taka. Biyu ne kawai suka tsira.

"Na tambayi Simon," in ji ta. "Ya ce haka ka ba shi, a cikin kwalinsu, shi bai ko buɗe ba. Enoch, wannan na sama shi David ya saya watan da muka yi aure."

Enoch ya dubi faya-fayen. Ya san in ya fara rantsuwa, maganarsa ce da ta Simon, kuma Simon maƙwabcinta ne, coci ɗaya suke zuwa. Akwatin zai rufu, faya-fayen shekara goma sha uku da suka rage masa su tsaya a nan, kuma tsohuwar ta riƙe shi a matsayin maci amana. Ya ɗauki faifai ɗaya ya kai bakin taga. A kan baƙin faifan, inda ya kamata a ga layukan waƙa kawai, akwai wani zane na ƙananan murabba'i a jere, ya nutse cikin roba. Ya duba na biyu, haka.

"Mama, wa ya sayar miki da tayil ɗin falon nan?"

"Simon mana. Me ya kawo maganar tayil?"

"Akwai ragowa?"

Akwai guda uku a bayan ƙofar kicin. Enoch ya juya ɗaya, ya ajiye shi kusa da faifan. Zanen bayan tayil ɗin da na faifan iri ɗaya ne, ba bambanci.

Ta aika a kira Simon. Ya shigo yana murmushi, ya ga tayil a kife kan tebur, murmushin ya tafi.

"Mama, Allah ya sani gyara na so yi. Ina isa shago mai saye ya tare ni, na manta su a kujerar baya har ƙarfe huɗu. Sai na ce bari in matse su tsakanin tayil biyu, in ɗora buhun siminti, in sa a rana su miƙe."

"Ka narka su, sannan ka mayar da su rana," in ji Enoch. "Sannu da dabara."

"Oga, ka yi haƙuri. Zan nemo wasu a Legas."

"Ban tambaye ka abin da ka so yi ba," in ji Mama Rosemary. "Jiya na tsaya a ƙofar gidanka na tambaye ka. Me ka ce mini?"

Simon ya sunkuyar da kai.

"Faɗa, a gabansa."

"Na ce haka ya ba ni."

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta daɗe. Da ta fito, faifai biyu ne a hannunta, ba shida ba. Ta miƙa wa Enoch, ta ce daga yau da ƙafarsa zai riƙa kawowa, shi ma da laifinsa tun da ya ba da abin da ba nasa ba. Enoch ya karɓa da hannu biyu, bai yi musu ba.

Ranar Asabar ya gaya wa sauran abin da ya faru, bai ƙara ba bai rage ba. Aka cire Simon daga zaman. Mama Rosemary ta kai maganar gaban dattawan coci, suka sauke shi daga kwamitin gini. In sun haɗu ranar Lahadi tana amsa gaisuwar kowa ban da tasa.