Ɗan Farin Inna Saliha

Maimunatu na cikin tankaɗe matar Labbo direba ta leƙo ta katanga ta ce jikin ya rikice. Ta kakkaɓe hannu ta zaga.

Labbo na kwance kan tabarma, ciwon hanta ya cinye shi, sai idanu. Mutumin da tun fara Shari'a shi ke jan motar mata daga Kaura zuwa Shinkafi, yau ko moɗa ba ya iya ɗagawa.

"Maimunatu, Inna ta zo?"

"Tana tsakar gida tun hantsi."

"Ki ce ta janye maganag ga. Shi kaɗai nika so."

Duk unguwa an san maganar. Ranar da ya sayar da gonar ubansa ta Katuru ya sayi mota, uwarsa Inna Saliha ta ce masa gaban mutane, "Kai dai ba ka yin albarka." Tun daga nan, taya ta fashe, bakin Inna ne. Ɗansa ya rasu, bakin Inna ne.

Maimunatu ta fito ta durƙusa. "Inna, ki shiga ki sa mishi albarka."

Tsohuwa ta ja mayafi ta kau da kai. "Ke, ɗan fari na fa. In shiga ɗakinai gaban surukai? Mi za a ce da ni?"

"A ce komi! Tafiya fa zai yi."

"Haushi na na rannan. Ni da ban sallame salla ban roƙa mishi ba."

"To shi ina ya sani?"

"Ki hwaɗa ma wancan na yahe."

Ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, saboda kunya.

Maimunatu ta koma ta faɗa masa. Ya ɗan yi murmushi. "Ke dai kin iya lallashi. Da ita ta ce, da na ji muryatta."

Nan ran Maimunatu ya ɓaci. Ta fita ta kama hannun tsohuwa, ba sannu ba gafara, ta jawo ta. Suna kaiwa bakin ƙofa suka ji matarsa ta ɗau salati.

Inna Saliha ta zame hannunta, ta shiga da kanta, ta zauna wajen ƙafafunsa.

"Labbo," ta ce. "Labbona. Allah shi yi maka albarka."

Ta ɗora ƙafafun kan cinyarta, tana murza su da tafinta kamar za su yi ɗumi.