Layi na Bakwai, Gefen Dama

Shekara biyu ba ma magana da yayan matata. Dalilin kuwa, ina jin kunyar faɗinsa: ranar da ya kawo baƙi gidana, ya zauna a kujerar da na ƙera da hannuna, ya jijjiga ta, ya ce ashe kafinta ma yana zama a kan abin da ke rawa. Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Kujerar tana rawa, gaskiya ne, amma ba shi zai faɗa ba.

Ni dattijo ne a cocinmu, cikin mutum huɗu masu raba Jibin Ubangiji. Biyu su ɗauki gefen hagu, biyu gefen dama, a miƙa tiren ƙananan kofunan ruwan inabi ga wanda ke bakin layi, shi kuma ya miƙa wa na kusa da shi. Yayan nawa direban babbar mota ne, ƙafafunsa ba sa shiga tsakiyar benci, don haka kullum a bakin layi na bakwai yake zama, gefen dama. Ni kuwa tun ranar kujera na gano cewa hidimata ta fi albarka a gefen hagu. Duk wata fasto zai ce kowa ya binciki zuciyarsa kafin ya sha. Nakan bincika tawa, in tarar ni ke da gaskiya, in sha.

Wannan Lahadin, ɗaya daga dattawan dama, tsohon malamin makaranta, ƙafarsa ta kumbura bai zo ba. Fasto ya kama gwiwar hannuna ya matsar da ni dama kamar yana gyara tebur. Ba a musu a gaban jama'a.

Layi na ɗaya, na biyu, lafiya lau. Na isa na bakwai na miƙa tire, idona a kan bango. Bai karɓa ba. Na ce a raina, to, yau zai kunyata ni a gaban Allah da mutane.

Sai na ji ya yi ƙasa da murya.

"Mijin ƙanwata, tun ranar nan ban ƙara sha ba. Miƙawa kawai nake yi. Ka yafe mini, in sha."

Mutumin da nake cewa ba ya zuwa nazarin Littafi, shi ne ya ji tsoron ƙoƙon nan wata ashirin da huɗu. Ni mai rabawa ban taɓa fashi ba.

Na ce, "Yaya, ni ya kamata in roƙe ka."

Ya ce shi ya fara, na ce ni na riƙe. Da an bar mu da mun sake sabon faɗa a kan wanda ya fi laifi. Wata tsohuwa da ke gefensa ta leƙo ta ce mu yafe wa juna da sauri, hannunta ya gaji a sama.

Ya ɗauki kofi. Yatsun nan da ke juya sitiyarin babbar mota suka riƙe abin da bai kai murfin kwalba ba, ya kai baki ya sha. Na gama layukan da suka rage, ban san yadda aka yi ban zubar ba.

Bayan sujada na tarar da matata a bakin ƙofa tana share ido da gefen ɗankwali. Ta ce shekara biyu tana addu'a Allah ya tausasa zuciyar ɗayanmu, ba ta faɗa masa wanne ba don kada ta yi son kai. Na gode wa Ubangiji da bai jira sai na shirya ba, don da har yau yana jira.

Yayan ya biyo mu gida cin abincin rana. Ya ci kwano biyu, ya ba ni labarin hanya na shekara biyu, ni kuma na saurara har ƙarshe.