Muryar Ladan Mode

Baba Mode ya shigo shagona a Sabon Gari ko sallamar kirki bai yi ba. Shekara talatin da huɗu yana ladanci a wani masallacin unguwa a Ƙofar Kware, ban taɓa ganin ransa a ɓace haka ba. Ni kuwa mai gyaran rediyo ne, ni na ɗaura musu sabuwar amfilifaya, na'urar ƙara sauti, mako uku da suka wuce.

"Abdulshakur, ana yi mani zagon ƙasa," ya ce. "In ni nik kira salla, ko gidan Delu da ab bayan masallaci ba a ji. In Jibrin yak kira, har bakin titi. Yanzu dattawa sun hwara cewa in huta. Kai ka ɗaura abin ga, ka zo ka gane mani wa ka taɓa shi."

Jibrin na'ibinsa ne, mai sayar da gero, mutum ne shiru-shiru. Gaskiya ni ma sai da na zarge shi a raina, domin sau biyu Jibrin yana zuwa shagona a ɓoye yana tambaya ko akwai yadda za a sa ƙarar ta tsaya inda aka ajiye ta. Me ya haɗa mai gero da wannan tambaya? Ban faɗa wa Baba ba, na dai ɗauki mitata ta awon wuta na bi shi.

Mun isa bayan Azahar. Jibrin na zaune a gindin ginshiƙi da carbi, yana satar kallonmu. Wannan kallon bai yi mini ba ko kaɗan.

Baba ya buɗe akwatin katakon da na'urar take ciki. Na tarar an zare ta daga soket, an lulluɓe ta da ƙyalle.

"Wa ya zare?" na tambaya.

"Ni na. Tun randa tsawa taƙ ƙone muna wata, ban barin ta jone. In an gama salla in zare, in kulle."

"To ta ina Jibrin zai taɓa ta, Baba?"

"Shi nika tambayarka!"

Na kwance murfin, na nuna masa wani ɗan cip mai ƙafa takwas, bai wuce ƙwayar wake ba. Na ce masa tsohuwar amfilifaya abin murzawa gare ta, a cikinsa akwai wani ɗan harshe na ƙarfe da ke zamewa a kan gawayi, inda ka bar shi nan zai kwana. Wannan kuwa ba abin da ke motsi a cikinta. Ƙananan rizisto ne, masu rage ƙarfin wuta, a jere a cikin cip ɗin, kamar matakan tsani, guda sittin da huɗu. Ka danna maballin sama sau ɗaya, sauti ya hau mataki ɗaya. Ka danna na ƙasa, ya sauko. Sai dai irin wannan cip ɗin ba ya riƙe komai a kansa. Da zarar an yanke masa wuta ya manta, idan an jona ya farka a tsakiya, mataki na talatin da biyu.

Na gwada masa. Na kai ta sama, na zare, na jona, na auna da mita: tsakiya. Sau uku ina yi.

Fuskar Baba ta washe. "Ashe injin na! Ba muryata ba ta!"

Na so in bar shi a haka, wallahi na so. Amma wani abu ya tsaya mini a rai. Na juya na ce, "Malam Jibrin, kai in za ka kira, sau nawa kake danna maballin?"

"Ban dannawa," ya ce, kansa a ƙasa. "Malam ka jonawa, shi miƙo mani makirufo."

Wato a mataki ɗaya suke kira su biyun. Baba ba yaro ba ne, ya gane kafin in rufe baki.

"Ƙarya ta!" ya ce. "Da tsohuwar ai har Gidan Dahala aka jina in iska na kaɗawa. Ni nis sa mata alama da jan fenti, kullum bisa alamar take. Ba ta taɓa gocewa ba."

Jibrin ya ajiye carbinsa.

"Malam, ka gahwarce ni. Shekara shidda ke nan. In ka tahi alwala ka bar akwati buɗe, sai in ƙara ta kaɗan, in cire kan murzawar, in maishe shi daidai da alamarka. Wagga sabuwar kau, ko na ƙara, kana zarewa ta koma. Shi yas sa nit tahi wurin Abdulshakur."

Kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Tun daga shago nake yi wa bawan Allahn nan kallon munafuki.

Na yi sauri na ce, "Baba, abu mai sauƙi ne. Akwai cip mai ƙwaƙwalwa, ko an zare yana tuna inda aka bar shi. Gobe in canza, mu kai ta sama mu bar ta can."

Bai ko dube ni ba. Jibrin yake kallo.

"Tsohuwar, ina tak kai?"

Jibrin ya kau da kai.

"Tambayarka nikai."

"Ta kai ƙarshe tun bara, Malam. Babu sauran wurin murzawa."

Baba ya gyaɗa kai a hankali. Ya leƙa waje ya duba inuwar katanga, La'asar ta yi. Ya sunkuya ya jona na'urar da hannunsa, ya hura makirufo sau biyu.

"Bar cip ɗinka, ɗana," ya ce da ni. Sannan ya miƙa wa Jibrin makirufo. "Jibrin, lokaci ya yi. Taso."

Ya koma sahun farko ya zauna. Jibrin ya ɗaga murya, ni kuma ina ɗaure murfin, sai na ji tsohon a bayana yana amsa kiran kalma bayan kalma.